Bargo da Ɓargo

Wata bakwai hannuna na dama ya yi yana reto a jikina kamar na aro. Ƙashin damtse ne ya karye, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ya kuma ƙi haɗewa. In na ɗaga kafaɗa sai hannun ya lanƙwashe a tsakiya, wurin da Allah bai yi gaɓa ba. Yatsuna suna motsi, suna jin zafi da sanyi, amma ko cokali ba na iya kaiwa baki da su. Ni kuwa da hannun nan nake juya shinkafa in ina turarawa, sana'ar da ta riƙe ni tun rasuwar maigidana, kuma da shi na fara rubuta sunana ina da shekara arba'in da bakwai a duniya. 'Ya'yana kowa yana fama da gidansa. Na san abin da mace irina take zama in hannunta na dama ya mutu. Kaya take zama, a ajiye ta a ɗakin wannan wata biyu, a kai ta ɗakin wancan. Ni ban yi niyyar zama kaya ba.

Da kaka abin ya faru, a mashigin ruwa kusa da ƙauyen da aka haife ni, can ƙasar Kirikasamma. Na je ɗauko shanshera, shinkafar da ba a cashe ba. Ana sauke buhuna daga kwale-kwale, ni kuma ban iya tsayawa ina kallo ana yi min aikina ba, na sa hannu. Laka ta ja ƙafata, buhu ya biyo ni. Ban ji zafi ba da farko. Ƙara na ji, irin ta busasshen karan dawa, sai ga ni kwance ina kallon sama, balbelu suna wucewa a jere, ina ƙirga su har mutane suka zo kaina.

Baffana, ƙanen mahaifina, maɗori ne, gado ya yi. Shi ya ja hannun, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure da tsumma, ya yi tofi. Na ga ƙafafun da ya ɗora suna bin garma, na ga yaran da suka faɗo daga kan kanya sun koma sun hau, saboda haka ban yi shakka ba. Bayan kwana arba'in ya kwance, ƙashi yana motsi. Ya sake ɗaurewa. Ya kwance, yana motsi. A karo na uku ya daɗe riƙe da damtsen, idonsa a rufe, kamar mai sauraron magana ta bayan katanga. Sannan ya ce, "'Yata, bakin ƙashin nan biyu sun daina gaisawa. Abin da na gada bai kai nan ba. Ki je wurin masu hoto." Har gobe ina ganin girmansa a kan wannan maganar.

Yayata, wadda nake bi, ita ta tattaro kayanta ta dawo gidana a Haɗejiya don ta yi jinyata. Ba ta taɓa shiga aji ba, kuma tun da na shiga makarantar manya take kirana 'yar boko. Maganinta ɗaya ne, ɓargo. Takan je wajen mahauta ta zo da ƙashin ƙafar saniya, ta dafa shi tun safe har azahar, ta buga shi a bakin turmi, farin ɓargon ya zubo a cokali yana rawa, ta ɗura min. Wai ƙashi ɗan'uwansa yake nema. Ina haɗiyewa ina tuna mahaifiyarmu. Ita ta gaya mana, muna 'yan mata, cewa kowane ɗa mace ta haifa sai ya tafi da ludayi guda na ɓargonta, abin da ya rage kuma sanyin fadama ya tsotse. Ni haihuwata tara. Shekarun da na yi tsaye cikin ruwa ina dashen shinkafa kuwa ban san adadinsu ba. Ban faɗa wa kowa ba, amma a raina na gama magana: ƙashin ya ƙi haɗewa ne don babu komai a cikinsa. Fanko ce ni.

Watannin nan sun wuce min kamar a ƙarƙashin ruwa. Ba aiki, sai zaman rumfa. Bayan azahar barci yakan ɗauke ni a zaune, sai in ga hannun ya zame daga kafaɗata ya tafi abinsa. Yakan bi ta zaure, ya kama hanyar kogi, ya shiga cikin ciyawar kacala yana tsinkar bado, yana shafa bayan kifi. Ba ya sauri. Wani lokaci in hango shi can nesa a kan tsibiri yana rubutu a yashi, ruwa yana zuwa yana sharewa, ban taɓa samun karanta abin da yake rubutawa ba. In na farka sai in lalube shi, in same shi a cinyata, da nauyinsa, yana zufa a cikin tsumma.

Akwai wani ƙaramin asibiti a garinmu da likitan ƙashi yake zuwa sau ɗaya a wata. Duk unguwa an gama gaya min yankewa za a yi, har da masu kawo min labarin wane da wance. Aka ɗauki hoton hannun, aka shigar da ni ni kaɗai, Yaya tana waje. Likitan matashi ne, bai kai ɗana na fari ba. Ban bari ya gama gaisuwa ba na tambaye shi ko yankewa za a yi. Ya ɗaga hoton a hasken taga, ya ce ba sai an yanke ba, akwai aikin da za a gwada in ya dawo wata mai zuwa.

Daga nan ban ƙara jin komai ba. Bakinsa yana motsi, yana nuni da biro, ni kuwa hoton nake kallo. Farin ƙashi ta sama, farin ƙashi ta ƙasa, bakunansu sun yi sumul kamar duwatsun da ruwa ya lashe, baƙin fili a tsakani. Kogin Haɗejiya na gani, gaɓa biyu suna kallon juna, ba jirgi ba gada. Ban san tsawon lokacin da na yi a bakin kogin nan ba.

Da na fito, wata nas, yarinya mai fara'a, ta fara maimaita min bayanin. Na tsayar da ita. Na ce ta rubuta min a takarda da Hausa, na iya karatu. Gaskiyar magana, so nake mutanen da ke kan benci su ji.

Dole in faɗi wani abu a kan karatun nawa. Da yamma muke yi, bayan yara sun tashi, muna zaune a kan bencinsu gwiwoyinmu har ƙirji. Malamarmu ba ta wasa da ƙugiya, 'yar lanƙwasar nan da ake yi wa wasu haruffa. Takan rubuta baki da baƙi a allo, bari da ɓari, ta ce wanda ya yar da ƙugiya ya canza magana, shi da mai shaidar zur ɗaya ne. Ni da na zo karatu a makare, na riƙe wannan hannu bibbiyu. A wurina takarda ba ta kuskure. Mutum ne yake mantuwa, baki ne yake suɓucewa, amma abin da aka rubuta ya zauna.

A gida na buɗe takardar na karanta wa Yaya da ƙarfi, har sau uku. Talatar farkon wata, da safe. Ban da ci, ban da sha. Aikin hannun dama, za a yi amfani da bargonki.

Bazara ce, irin wadda ƙadangare ma yake neman inuwa. Yaya ta ce, "Ke 'yar boko, anya ba ɓargo suke nufi ba? Aikin ƙashi ne fa."

Na kai takardar har hancinta na ce ta nuna min ƙugiyar. Ta ce ita ko ƙugiyar kamun kifi aka zana mata a takarda ba ganewa za ta yi ba. Na ce to ta bar wa masu ganewa. Da haka maganar ta mutu, aka koma neman dalilin bargo. Maƙwabciyata ta ce ɗakin tiyata sanyi ne da shi kamar cikin firji, 'yarta ta haihu a ciki. Wata ta ce naɗe hannun za a yi don ƙashi ya yi gumi. Yaya, da yake ta ji haushina, ta ce ƙila don in abin ya zo da ƙarar kwana ne, su lulluɓe ni da nawa, kada in ɓata musu nasu. Bargo ɗaya gare ni, na maigidana, mai nauyi, da hoton damisa a jiki. Yaya ta wanke shi tana mita.

Ranar Talata ta ɗora shi a ka, muka shiga adaidaita, mai tuƙin yana ta waiwayenmu. A ɗakin mata na shimfiɗa shi a gado, na gyara gefe da gefe da hannun hagu, na hau na zauna ina zufa. Nas ɗin ta shigo da takardun sa hannu. Ta dubi bargon, ta dube ni, ta tambaya ko zazzaɓi nake yi. Na ce ga abin da ta ce a kawo, na miƙa mata takardarta.

Ta karanta. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, ta toshe baki da takardun, kafaɗunta suna rawa. "Mama, ɓargo fa. Na cikin ƙashinki."

Yaya dai ta gyara zama, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, a hankali, yadda zan gani.

Kunya ta taso min har wuya, ni kuma in kunya ta kama ni faɗa take zama. Na tambayi yarinyar shekara nawa ta yi a makaranta. Ta ce sun fi goma sha biyar. Na ce ni uku na yi, a bencin yara, amma ban taɓa sace wa harafi ƙugiyarsa ba. Ta ce a waya ba a sawa, kowa ya saba. Na ce ni ba waya ba ce. Matan da ke sauran gadajen suna ta dariya, ban san ko ni ake yi wa ko ita ba. Ina tsakiyar faɗan ne ma'anar maganar ta iso ni. Ɓargona suke so, abin da na tabbata babu.

Likitan ya shigo, ya zauna a gefen gadon, daidai kan wutsiyar damisa, ya sake bayanin daga farko. Wannan karon na saurara. Ya ce bakin ƙashin biyu sun toshe, kowanne ya rufe ƙofarsa. Za a buɗe damtsen a kankare su har su yi jini, a kama su da ƙarfe da kusoshi. Amma za a sami giɓi a tsakani, kuma ƙarfe riƙewa kawai yake yi, ba ya haɗawa. In ƙashin bai kama ba, wata rana ƙarfen zai gaji ya saki. Ya ciro 'yar kwalbar da yake nuna wa marasa lafiya, da wani farin abu a ciki kamar tsakin masara. Da irinsa za a cike giɓin. Na tambaye shi ƙashin wa aka daka, na mutum ko na dabba, in dabba ce wacce. Ya ce ba na kowa ba ne, a masana'anta ake haɗa shi daga irin sinadarin da ke cikin ƙashi. Sai dai shi kaɗai ba shi da rai. Dole a zuƙo ɓargo da allura daga ƙashin ƙuguna a kwaɓa su tare, shi ne zai bi ta tsakanin tsakin yana gina sabon ƙashi. Ya ce kamar auren mangwaro ne, a fere nan a fere can a ɗaure har su zama ɗaya. Na ce ni na gama da aure, ya nemo wani misalin.

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na ce a ba ni mayafina, gida zan tafi. Nas ta ce in na tafi sai wani watan, in ma an sami gurbi. Yaya ta danne mayafin da cinya ta ƙi ɗagawa. Likitan ya tambaye ni ko allurar nake tsoro, ni da na haifi tara a kan tabarma. Sai na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, a gaban matan da ban sani ba.

"Likita, in kun huda ƙugun kun tarar babu komai fa? Hannu ya tafi, ku ƙara min da ƙafa, kuma gari ya ji cewa fanko ce ni."

Bai yi min dariya ba. Ya ce da babu ɓargo a jikina da ban sami ƙarfin faɗan da ya jiyo tun daga baranda ba, don jinin da ke yawo a jikina ma can ake yin sa, kullum. Ya ce ba rumbu ba ne da ake ɗiba har ya ƙare. Ya fi kama da ramin da mata suke tonawa a yashin kogi da rani, a kwashe ruwan, a juya baya, ya sake tsattsafowa. Na babba bai kai na yaro ƙarfi ba, wannan gaskiya ne, kuma ba zai rantse min cewa ƙashin zai kama ba. Amma in ba a gwada ba, ya tabbata ba zai kama ba.

Wannan ta ƙarshen ce ta shige ni, don bai yi min daɗin baki ba. Na ce a kawo takardar farko tukuna. Na sa yarinyar ta yi wa harafin ƙugiyarsa a gabana, ta yi, har da kyau. Sannan ta buɗe tawadar dangwale. Na ce ta rufe. Yaya ta tallabe min gwiwar hannun da tafukanta biyu, na kama biro da yatsun dama, na rubuta sunana a hankali, damtsen yana lanƙwashewa, zafi har cikin haƙorana. Layin ya karkace amma ya karantu.

Ɗakin tiyatar kuwa da sanyi, maƙwabciyata ba ta yi ƙarya ba, amma ba su bari an shigo da bargon ba. Aka sa min wani abu a hanci aka ce in ƙirga. Ban kai biyar ba ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Damina ce, fadama ta cika tun daga bayan gari har Baturiya, babu gaɓa ko'ina. Ina kwance a kwale-kwale ba matuƙi, bado yana gogar gefensa. Tsuntsayen nan da suke zuwa mana daga nesa lokacin sanyi sun rufe ruwan, ba wanda yake kuka a cikinsu. Can sai ga mahaifiyata a tsugune a kan wani tudu, da ludayi a hannu, tana ɗibar ruwa tana zubawa a ƙwarya. Ba ta tsufa ba, ta ma fi ni ƙuruciya. Na tambaye ta saura nawa. Ba ta ɗago ba, ta ce in matsa na tare mata haske. Kwale-kwalen ya wuce da ni ina ta waiwaye.

Na farka da la'asar, bakina a bushe, Yaya tana min fifita da kwali. Abin da na fara cewa, in ji ta, shi ne, "An samu?" Nas ta zo da wayarta, ta ce likita ya sa an ɗaukar min hoto don ya san zan tambaya. Sirinji ne babba, cike da wani abu ja mai duhu, mai kauri. Na ce wannan ai jini ne, kada a raina min hankali, wata da watanni ina shan ɓargo, fari ne. Ta ce na ƙafar saniya kitse ne, kuma dafaffe, wannan jan shi ne mai aiki, kuma sirinji biyu aka cika. Na riƙe wayar ina kallo har haskenta ya mutu, na sa ta sake kunnawa.

Samun ɓargo daban, kamun ƙashi daban. Wannan sai jira. A makonnin farko ƙugun ya fi hannun ciwo, ina tafiya kamar agwagwa. Aka rataye min hannun a wuya, aka ce kada in ɗauki abin da ya fi kofin shayi. Hoton farko bayan aikin bai nuna komai ba sai ƙarfe da kusoshi, da tsakin a zaune yadda aka zuba shi. Ruwa ya sauka, kogi ya cika, aka yi dashe ba da ni ba. A hoto na gaba likitan ya nuna min wani abu hayaƙi-hayaƙi a gefen giɓin, ya ce alama ce mai kyau, in cire ratayar in fara motsa hannun kaɗan-kaɗan. Ni ban yarda da hayaƙi ba. Na cire a gabansa, na mayar tun kafin mu kai bakin titi. Gara min in zauna ban sani ba da in gwada in ji ƙarfe ya saki.

Ƙarshen damina, wata rana da hantsi, Yaya ta yanka kuɓewa ta shanya a tabarma a tsakar gida, ta shiga ɗaki. Ni kuma na cire ratayar don wuyana ya sha iska. Akuyar maƙwabta, wata ja mai ciki wadda ba ta jin tsawa, ta shigo ta zaure ta sa baki a kuɓewar. Na kore ta da baki, ta dube ni tana tauna. Ban san lokacin da na tashi ba. Na cafke ƙafarta ta baya, na ja ta tana turjewa tana kuka, tun daga bakin rumfa har zaure, na tura ta waje ina gaya mata abin da na sani game da ita da masu ita.

Sai da na juyo na ga Yaya tsaye a ƙofar ɗaki, ba fuskata take kallo ba. Na bi idonta. Hannun dama ne, da gashin akuya a tsakanin yatsu.

Na tsaya a zauren ban motsa ba, ina jiran in ji wani abu ya saki a ciki. Tsokar tana rawa, kafaɗar tana zugi, amma tsakiyar damtsen shiru. Na ɗaga shi a hankali. Ya tafi a miƙe, guda ɗaya, har daidai kafaɗa, nan ya tsaya, kuma har yau bai wuce nan ba. Hoton wata na gaba ne ya tabbatar wa likita, ni a zauren nan na sani.

Yaya ta ce za ta gaya masa cewa kofin shayina ƙafa huɗu gare shi. Na ce ta gaya masa. Na zauna a dakalin zauren da hannun a miƙe a gabana, na ƙi saukewa. Akuyar ta sake leƙowa, ta raɓa ta gefen ƙafata ta koma kan kuɓewar, kuma ba wadda ta hana ta a cikinmu.